Manhajar Kamfani, i2c-tools Ko Arduino: Da Wanne Za Ka Taɓa Rijistar Ayisi?

Wata Asabar da hantsi wani ɗalibin Poly da ke yawan leƙo shagona a Tudun Wada ya shigo da ƙaramin fanel a cikin leda, ransa a ɓace. Aikinsa na kammala karatu shi ne auna wutar da farantin sola ke zubawa cikin batir, kuma ya ɗora aikin a kan ayisin INA219, wato ƙaramar ƙwayar lantarki (IC) mai auna wuta. Boltej yana fitowa daidai, amma ƙarfin wutar da ke gudu sifili yake nunawa ko da an kunna ƙwan fitila.

"Oga, wallahi jabu aka sayar min," in ji shi. "Ayisin nan a mace yake."

Na ce masa ya zauna tukuna. Ayisin lafiyarsa ƙalau, abin da ya rage shi ne ba a faɗa masa girman rezistar da yake auna wuta a kanta ba. Akwai wata rijista a cikinsa mai lamba 0x05 (0x alama ce ta lambar da aka rubuta a tsarin ƙirgen sha shida), kuma muddin babu komai a cikinta, rijistar da ke ba da ƙarfin wuta sifili za ta riƙa bayarwa har a tashi duniya. Da muka gyara, sai ya kawo tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan. Kuɗinsa kaɗan ne, yana son ya mallaki kayan karanta rijista da canza ta, to me zai saya? Wasu sun ce masa ya nemi adaftar kamfani da manhajarta, wasu sun ce ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wasu kuma sun ce Arduino ɗin da ke hannunsa, wato fanel mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da ake loda wa umarni, ya ishe shi.

Kafin a kai ga saye, sai an san abin da ake shirin taɓawa. Rijista kamar akwatunan gidan waya take: jere suke, kowanne da lambarsa, sai dai a cikin kowanne akwai makunnai takwas ko goma sha shida maimakon wasiƙa. Kowane makunni, wato bit, ko dai yana kunne ko yana kashe. Wasu akwatunan leƙawa kawai ake yi a ga abin da ayisi ya auna, wasu kuma kai ne za ka saita su ka faɗa masa yadda zai yi aiki. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne akwatunan ba iri ɗaya ba ne wajen riƙe abin da aka zuba musu. Akwai waɗanda da an cire wuta sun manta komai, su koma yadda suka fito daga masana'anta. Akwai masu riƙewa ko an shekara babu wuta, amma ana iya sake rubuta su. Akwai kuma na uku, waɗanda in ka rubuta ka rubuta ke nan, babu kome. Saboda haka tambayar da nake fara yi wa kaina ba "wace manhaja ta fi kyau" ba ce. Tambayar ita ce, in na yi kuskure a nan, cire wuta da mayarwa zai gyara? Amsar wannan ce ke zaɓa mini kayan aiki.

Bari in fara da wanda na fi daɗewa da shi, wato i2c-tools a kan Raspberry Pi. Yawancin ƙananan ayisoyin da muke haɗuwa da su, na auna wuta, na agogo, na zafi, na cajin batir, ta hanyar I2C suke magana. Kamfanin Philips ne ya ƙirƙiro ta a 1982, kuma wayoyi biyu kacal take buƙata bayan layin ƙasa: SDA mai ɗaukar saƙo da SCL mai buga lokaci. A jikin Pi suna kan ƙafa ta 3 da ta 5, kuma an riga an saka musu rezistocin da ke jan layin sama zuwa bolt 3.3. Manhajar kyauta ce, umarninta huɗu ne za ka fi amfani da su. Da i2cdetect kake buga sallama a ƙofar kowane adireshi ka ga wa zai amsa. Da i2cget kake karanta rijista ɗaya, da i2cdump ka kwaso duka, da i2cset kuma ka rubuta.

Ga yadda ta kasance da fanel ɗin yaron nan. Mun haɗa wayoyi, na buga i2cdetect -y 1, sai ga lamba 40 ta fito a cikin jadawalin. Wannan kaɗai ya wanke mai shagon da ya sayar masa, domin ayisin da ya mutu ba ya amsa sallama. Daga nan na buga i2cget -y 1 0x40 0x00 w don karanta rijistar saiti. Takardar bayanin ayisin ta ce sabon INA219 yana tashi da 0x399F a wurin. Abin da ya fito a allo shi ne 0x9f39.

"Ka gani ko, Oga? Ba daidai ba ne."

Daidai ne, a juye kawai yake. Wannan harafin w da ke ƙarshen umarnin yana bin tsarin SMBus, ɗan'uwan I2C, inda ƙaramin bayit (bayit bit takwas ne) ke fara zuwa, shi kuwa INA219 babban yake fara turowa. Kai ne za ka juya su da hannunka, a karatu da kuma a rubutu. Muka karanta rijistar boltej ta 0x02, ta ba da 0x7262, muka juya ta zama 0x6272, muka zubar da bit uku na ƙasa saboda ba na boltej ba ne, aka samu 3150. Kowane ɗaya yana nufin milibolt 4, ka ga 12,600 ke nan, wato bolt 12.6, daidai da abin da mitar hannu ta nuna. Sai rijistar 0x05. Lissafinta shi ne a raba 0.04096 da girman rezistar da kuma ƙanƙantar ma'aunin da kake so. Rezistar fanel ɗin om 0.1 ce, muka zaɓi ma'auni na kashi ɗaya cikin goma na miliamf, lissafi ya ba da 4096, wato 0x1000. Wanda ya rubuta 0x1000 kai tsaye ba tare da juyawa ba, ayisin zai karɓi 16 a maimakon 4096, kuma ƙarfin wutar da zai auna zai fito ƙasa da gaskiya sau 256. Manhajar ba za ta ce uffan ba.

A nan ƙarfin i2c-tools yake, a nan kuma rauninsa yake. Bai san sunan ayisin da ke gabansa ba, bai damu ba. Duk abin da ke magana da I2C zai yi magana da shi, na Amurka ne ko na Sin, sabo ne ko wanda ka ciro daga tsohon fanel da ka tsinto a Panteka. Ba ya neman asusu, ba ya neman intanet bayan an saka shi. Amma lambobi tsirara yake ba ka, fassara kuma taka ce da takardar bayanin ayisi. In ka ce ya rubuta shirme zai rubuta, musamman in ka saka -y, wanda ke hana shi tsayawa ya tambaye ka ko ka tabbata.

Akwai tarkuna da ya kamata mai wannan hanya ya sani. Wasu bit an rubuta a takarda cewa a bar su yadda suke, don haka ba a rubuta rijista gaba ɗaya don canza makunni guda. Ana karantawa, a canza wanda ake so, a mayar da sauran yadda aka same su. Zaɓin -m na i2cset don wannan aka yi shi. Wasu bit ɗin kuma da ka karanta su sun goge kansu, wasu sai ka rubuta 1 a kansu sannan su koma 0. Shi ya sa i2cdump, duk da sunan karatu yake yi, yana iya share maka alamar matsalar da kake nema. Adireshi ma yana rikita mutum. Agogon DS3231 da ayisin auna motsi MPU6050 duka a 0x68 suke amsawa, don haka ganin 68 a jadawali bai faɗa maka wanda ke wurin ba. Sannan wasu takardun suna rubuta adireshi da bit takwas, ita kuwa manhajar da bakwai take aiki, shi ya sa batirin laftof da aka rubuta masa 0x16 za ka same shi a 0x0B.

Abu ɗaya da nake hana yaran shago: kada su gwada waɗannan umarnin a kan layukan cikin laftof ɗin da suke aiki da shi. A can ma akwai I2C, kuma a adireshi 0x50 zuwa 0x57 ne ƙananan ma'ajiyoyin da ke ɗauke da bayanin RAM suke zaune. Littafin i2cdetect da kansa ya yi gargaɗin cewa wata hanyar binciken tana lalata ma'ajiyar AT24RF08 da ke cikin tsofaffin ThinkPad da yawa. In bincike kawai yana iya haka, ina ga rubutu.

Manhajar kamfani wata duniya ce daban. Misalin da ya fi shafar masu gyara a garin nan shi ne Battery Management Studio, wadda aka fi kira bqStudio, ta kamfanin Texas Instruments. A kan Windows take aiki, kuma tana magana da ayisin batir ta wata adafta mai suna EV2400. Da ka haɗa, maimakon 0x6272 za ka ga suna: boltej ɗin kowace ƙwayar batir, zafi, yawan zagayen caji, da kowane bit na matsayi an saka masa suna da launi, suna sabuntuwa da kansu kana kallo. Tana iya rubuta duk abin da ke faruwa cikin fayil tsawon sa'o'i yayin da batir ke caji ko sauka. Abin da ya fi duka muhimmanci a wurina shi ne tana fitar da dukkan saitin ma'ajiyar ayisin zuwa fayil guda, ka ajiye, in ka ɓata ka mayar. Ayisi irin BQ40Z50 yana da ɗaruruwan saituna, daga iyakar boltej ɗin ƙwaya zuwa nau'in sinadarin da ke cikinta, kuma waɗannan suna cikin irin akwatin da ba ya mantuwa in an cire wuta. Yin irin wannan aikin da i2cset ganganci ne. Ba wai ba zai yiwu ba, amma bayit ɗaya ya zame maka, ka canza iyakar da ke hana ƙwayar lithium wuce gona da iri a caji.

Sai dai kafin ka tura kuɗi a kawo maka EV2400, saurara. Na farko, da dala ake sayenta, kuma ba abar da za ka shiga Kasuwar Gumi ka ɗauko ba ce. Ko dai ka yi oda daga waje ka jira, ko ka sa a nemo maka a Legas a yi maka webil. Na biyu, yawancin baturan laftof a kulle suke zuwa. Ayisin yana da matakai uku, na kulle, na buɗe, da na cikakken iko, kuma masu haɗa batir sukan canza mabuɗin. A kulle za ka karanta boltej da zafi da yawan zagaye, amma ba za ka ga ma'ajiyar saiti ba balle ka canza. Na uku, ba kowane batir ne ke ɗauke da ayisin wannan kamfanin ba, wasu kuma suna ɗauke da shi amma da famwaya, wato manhajar cikin ayisi, ta musamman da bqStudio ba ta gane ta. Na ga wanda ya sayi adaftar yana zaton duk batirin da ya ƙi caji a Ahmadu Bello Way zai farfaɗo da shi, ƙarshe kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin dariyar shi ne, ɓangaren da ake iya karantawa a kulle, Pi ma zai karanta maka shi. Baturan zamani suna bin tsari ɗaya a kan SMBus: 0x09 boltej ne a milibolt, 0x0A ƙarfin wuta, 0x0D kason cajin da ya rage, 0x10 abin da batirin ke iya ɗauka yanzu, 0x18 abin da aka ƙera shi ya ɗauka, 0x17 yawan zagaye. Zafi yana 0x08, a ma'aunin Kelbin sau goma, don haka 3082 yana nufin kimanin digiri 35. A nan ba sai ka juya bayit ba. Ka kwatanta 0x10 da 0x18 kawai ka san ko batirin da ake son sayar maka a matsayin sabo ya sha jiki. Matsala ɗaya ita ce ayisoyin batir suna yawan riƙe layin SCL su ce a jira su, kuma I2C ɗin tsofaffin Pi ba ya kula da wannan riƙon yadda ya kamata, sai ka ga lambobi suna tsalle. Maganinsa a rage gudun layin, ko a koma i2c-gpio wanda ke buga lokacin da manhaja.

Wata magana a gefe, tunda batir muke. In ayisi ya ɗaga tutar lalacewa ta dindindin, yana da dalili: ƙwaya ta sauka ƙasa da ƙima, ko ta yi zafi, ko ƙwayoyin sun bambanta da yawa. Goge tutar ba tare da canza ƙwayoyin ba daidai yake da cire ƙararrawa daga wuyan mahaukacin kare. A zafin watan Afrilu na garin nan, batir irin wannan a cikin jakar ɗan makaranta ba abin wasa ba ne. Ni ba na yi, ko nawa aka ba ni.

Ba kowace manhajar kamfani ce mai tsada ba. STM32CubeProgrammer kyauta ce, kuma ƙananan adaftocin ST-LINK da ake kawowa daga Sin ba su da tsada. Ga mai aiki da ayisoyin STM32 babu ma wata muhawara, ita zai ɗauka, domin a nan ne akwatin da ba a komawa yake. A irin STM32F4 akwai saitin kariyar karatu mai mataki uku. 0xAA yana nufin a buɗe, 0xCC yana nufin an rufe ƙofar har abada, duk wata lamba ban da waɗannan biyun kuma mataki na tsakiya ce. In ka dawo daga na tsakiya zuwa buɗe, ayisin zai goge duk famwayar da ke cikinsa. Mai gyara da ya samu fanel ɗin inbata a mataki na tsakiya, ya ce bari ya buɗe ya kwafi abin da ke ciki, da hannunsa zai share abin da ya zo kwafa, kuma babu inda zai samo wani. Manhajar tana nuna maka waɗannan da sunayensu da bayaninsu, wanda ya fi ka buga lamba a makance.

Ni kaina na sha wannan ruwan, ko da yake da ayisin ATmega328P ne. Ina sauri, na kwafi lambar fiyus ɗin Arduino Uno (fiyus a nan saitin cikin ayisi ne da ba ya mantuwa), wato 0xFF a ƙaramin fiyus, na tura ta da manhajar avrdude zuwa sabon ayisi a kan fanel ɗin da ban saka wa kiristal ba. Sabon ayisi da 0x62 yake zuwa, yana amfani da agogon cikinsa. Da na ba shi 0xFF na ce masa ya jira agogo daga waje, waje kuwa babu kowa. Nan take ya yi gum, ko sallama ba ya amsawa. Na sha da ƙyar, domin da na lika masa kiristal mai mega 16 da ƙananan kafasito biyu ya dawo hayyacinsa. Da a ce bit ɗin da ke kashe ƙafar RESET na taɓa, sai an nemo na'urar da ke ba shi bolt 12 kafin a shawo kansa. Ga shi kuma a waɗannan fiyus ɗin 0 ne ke nufin an kunna, 1 an kashe, akasin yadda hankali ke ɗauka. Tun ranar, fiyus ba na rubuta shi sai a manhajar da ke nuna mini sunan kowane bit, irin AVRDUDESS.

Arduino fa? Ga binciken gaggawa shi ne na baya a cikin ukun. Duk canjin da za ka gwada sai ka gyara rubutu, ka haɗa, ka loda, ka buɗe tagar saƙo, abin da Pi ke yi da layi ɗaya. Uno kuma da bolt 5 yake aiki, ayisoyi da yawa kuwa 3.3 suke so, don haka sai da mai daidaita boltej a tsakani, ko ka koma ESP32 wanda 3.3 ne tun asali, SDA a ƙafa 21, SCL a 22. Amma akwai inda babu makawa sai shi. Rijistar 0x05 da muka rubuta wa yaron nan irin mai mantuwa ce. Da aka cire wuta ta koma sifili. Na'urar da za a kai ƙauye a ɗaure a jikin bango ba za ta jira wani ya zo da Pi kullum da safe ba, dole ne a samu ƙaramar ƙwaƙwalwa da za ta sake rubuta saitin duk lokacin da wuta ta dawo. Don haka Arduino ba kishiyar sauran biyun ba ne, shi ne inda aikin ke ƙarewa bayan ka gano lambobin da suka dace.

Inda nake da ja da masu farawa da Arduino shi ne dogaro da laburaren da aka sauko da shi, wato shiryayyen rubutun manhaja da wani ya yi. Laburaren yana rubuta rijistar a ɓoye, da lambobin da suka dace da fanel ɗin wanda ya rubuta shi, wato rezista om 0.1. Ranar da ka cire ta ka saka babban shant na inbata mai amf 50 da milibolt 75, wanda girmansa om 0.0015 ne, laburaren zai ci gaba da ba ka lambobi masu kyan gani, kuma duk ƙarya ne. Wanda ya taɓa yin lissafin da hannunsa sau ɗaya ba ya faɗawa wannan ramin. Kuma tunda an zo nan: INA219 iyakarsa bolt 26, baturan inbata mai 24 kuwa suna haura 28 a lokacin caji. Ga irin wannan INA226 ake nema, mai kaiwa 36, in tsarin 48 ne kuma INA228, mai kaiwa 85.

Za a ce ban ambaci na'urar CH341A ba, alhali kusan kowane mai gyaran laftof da talabijin yana da ita a aljihun tebur. Aikinta daban ne. Ita ma'ajiya take kwafa gaba ɗaya, jerin 24 da jerin 25, irin su BIOS, da manhajoji kamar AsProgrammer ko NeoProgrammer ko flashrom. Tana da amfani ƙwarai, kuma araha ce. Sai dai a san cewa baƙar da ta fi yawa a kasuwa, da yawanta suna fitar da bolt 5 a layukan saƙo ko da ma'ajiyar ta 3.3 ce, kuma ma'ajiyoyin sababbin laftof masu bolt 1.8 sai da adaftarsu. Ka auna taka da mita kafin ka maƙala ta. In ka karanta da kilif, karanta sau biyu ka kwatanta fayilolin. In ba su zo ɗaya ba, kilif ɗin bai zauna ba, kuma kwafin da kake ganin ka ajiye ba kwafi ba ne.

Yanayin garinmu ma yana da ƙuri'a a wannan zaɓin. Rubutu a ma'ajiyar da ba ta mantuwa ba ya son a katse shi a tsakiya, wuta kuwa ba ta sallama in za ta tafi. Laftof mai lafiyayyen batir ya fi kwamfutar tebur aminci a nan, Pi kuma a ɗora shi a kan fawa-banki, shi ma fanel ɗin da ake rubuta wa a ba shi wuta daga batir. Da hunturu, lokacin da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji ta ɗan ja shi, wannan tartsatsin ya isa ya kashe ƙafar ayisi, don haka a taɓa ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin a ɗauki fanel. Wayoyin I2C kuma a gajarta su, kamu ɗaya ya isa. Rabin "ayisin ya mutu" da ake kawo mini doguwar waya ce ko an manta haɗa layin ƙasa.

To wa zai sayi me? Ɗalibi ko mai koyo, da mai gyaran da kullum ayisi daban ke zuwa masa, Pi da i2c-tools zan ce, ko tsohon samfuri ne na hannu, domin aikin ba ya buƙatar ƙarfi. In kuɗi ya ɗan ragu, a ƙara da ƙaramar na'urar leƙen sigina mai layi takwas da manhajar PulseView, wadda ke nuna ainihin abin da ke wucewa a wayar. Da ita za ka ga fanel mai lafiya yana saita ayisinsa lokacin tashi, ka kwafi lambobin. Wanda ya kafa sana'arsa a kan abu ɗaya, kamar mai haɗa fakitin batirin lithium na sola ko na keke da sababbin ayisoyin da shi zai saita daga farko, wannan ya daure ya sayi adaftar kamfani ta gaske, domin mabuɗin na hannunsa kuma saitunan sun fi ƙarfin rubutun hannu. Mai taɓa fiyus ko kariyar karatu, ko sau ɗaya ne a shekara, ya yi da manhaja mai nuna suna.

Shi ɗalibin nan Pi na hannu ya samo wurin wani abokinsa a Kawo. Na ba shi sharaɗi ɗaya kafin in bar shi ya zauna a bencina: duk ayisin da zai rubuta wa wani abu, sai ya fara rubuta tsohuwar lambar a littafi da biro, da kwanan wata. Ya yi dariya ya ce, "Oga, a zamanin kwamfuta?" Bayan mako biyu ya dawo da DS3231 da ya daina fitar da bugun daƙiƙa bayan ya yi wasa da rijistar 0x0E. Ya buɗe littafin, ya ga abin da ke wurin kafin ya taɓa, ya mayar da i2cset, agogon ya ci gaba da bugawa.